Jan Biron Malama Haulatu

Duk yaron da ya yi aji biyu a 'yar firamaren da ke gabas da Bauranya cikin shekarun nan, ta hannun Malama Haulatu ya bi. Doguwar mace ce mai faɗa kamar za ta ari baki, amma ba a taɓa ganin ta da bulala ba. Abokan aikinta sukan tsokane ta su ce ba ta bukata, tunda tana da murya da jan biro. Muryar tun daga bakin rijiya ake jin ta. Biron kuwa a gefen ɗankwali take soke shi, ƙarƙashin hijabi, sau da yawa ta manta ta yi ta nemansa a jaka tana zargin yara.

A Kankiya aka haife ta. Mahaifinta, Malam Yakubu, mai zanen hula ne a bakin kasuwa. Shi ke fitar da zane a kan yadi, mata su kai gida su bi da zare da allura. Haulatu ta tashi a gefen tabarmarsa, tana tsintar ƙyallayen da ya yar tana kwaikwayon hannunsa. Taurari yake zanawa, da sarƙa, da ganye, bai taɓa zana abu mai rai ba. Wata rana ta zana kaza a kan ƙyalle, ta miƙa masa tana jiran yabo. Bai yi mata tsawa ba. Ya duba kazar da kyau, ya ce ta yi kama, sannan ya ja layi guda a wuyanta.

"Yanzu ta zama zane kawai," in ji shi. "Gobe kiyama ba wanda za shi ce maki ki hura mata rai."

Maganar ta zauna mata, don ta ji tsoron a tsayar da ita gaban jama'a a ce ta rayar da kaza.

Bayan ta gama karatun koyarwa ta yi aure a Kusada, inda mijinta Bishir ke aiki a sakatariya, aka tura ta wannan makaranta ta ƙauye. Ta iske yara cike da aji, amma kamar an ɗinke masu baki. Galibinsu 'ya'yan manoma ne, sauran kuma daga rugagen da ke kewaye suke zuwa, masu Fulatanci a gida da Hausa a hanya, ga Turanci kuma an ɗora masu a kan allo. Littafin da aka ba ta cike yake da jirgin ƙasa da tuffa. Ta yi ta faman "ku maimaita" har muryarta ta dushe, suna maimaitawa, amma in ta tambayi yaro abin da ya ci da safe sai ya sunkuyar da kai.

Haushin wannan ne ya sa ta ƙirƙiro zanen Alhamis. Ta riƙa bin shaguna tana roƙon tsofaffin kalanda da kwalin taliya, tana yanka takardar buhun siminti. Duk Alhamis in an dawo daga hutun tara sai ta raba masu, ta ce kowa ya zana abin da ya gani a gidansu, ya rubuta bayani a ƙasa da duk harshen da ya zo masa. Nan fa ta san yaran da take koyarwa. Wani ya zana tukunyar da ta fi gidansu girma, ashe suna aka yi. Wata ta zana babanta a kan babur da buhun taki, ta yi wa buhun ado fiye da baban. Wani kuma gidan sauro kawai ya zana, da ɗan abu a kwance ciki, ya rubuta sunan ƙanensa.

Yaran ruga ne suka fi ba ta mamaki. In maganar kasuwa ce ko makaranta, da Hausa suke rubutawa. Da zarar an zo kan saniya, ko ruwan sama, ko uwa, sai hannun ya juya Fulatanci ba tare da sun lura ba, suna harhaɗa shi da baƙaƙen da ta koya masu. Ita kuwa Fulatancinta bai wuce gaisuwa ba. Sai ta sa su karanta mata, ta maimaita, su fashe da dariya don yadda take kashe masu harshe. Ba ta damu ba. A ganinta gara yaro ya yi mata dariya da ya zauna yana kallon ta kamar gunki.

Ba a jima ba wani uba ya zo da zanen ɗansa a hannu, ransa a ɓace, yana tambaya ko makarantar boko ta koma koyar da yin mutum-mutumi. Hedimasta, wanda ba ya son rigima ko ta sisin kwabo, ya ce a bar zanen nan a huta. Haulatu ta ƙi. Ta tuna da kazarta, ta zare biro daga ɗankwali, ta ja layi a wuyan mutumin da ke cikin takardar. Uban ya duba ya ce to, in haka ne ba laifi. Limamin garin ma da aka gaya masa bai musa ba. Tun daga ranar, kowace Alhamis in an tashi, takan zauna da tarin takardu ta bi wuyan mutane da awaki da kaji har da ƙadangaru, sannan ta rataye su a igiyar da ta ɗaura daga taga zuwa taga. Yara suka saba, har wani yakan zo ya ce, "Malama, kin manta da jakina." Da wannan layin ta saye wa ajinta 'yancin yin zane, kuma ita kanta da shi hankalinta ke kwanciya.

Ana cikin haka, wata kaka bayan an fara yankan dawa, wata tsohuwar Bafulatana mai suna Kulu ta kawo jikarta. Sunan yarinyar Juwairiyya, ana ce mata Juwaira, ba za ta wuce shekara bakwai ko takwas ba. Daga yammacin jihar suka taso, bayan ɓarayi sun kore masu garke kaf, suka zo suka raɓa da dangi a wata ruga kusa da Bauranya. Tsohuwar ta ce yarinyar na jin Hausa sarai. Haulatu kam ba ta ga alama ba. Makonni suka shige Juwaira na zaune a ƙarshen benci, ba ta amsa suna sai da ɗaga hannu, in an ba ta takardar Alhamis ta mayar da ita fara fat.

Haulatu ta yi lallashi, ta yi barkwanci, har ta gaishe ta da gurguwar Fulatancinta da ke sa kowa dariya. Yarinyar ko murmushi. Abin ya tsaya mata a rai, don ba ta saba yaro ya gagare ta ba.

Sai wata Alhamis, da aka zo raba takardu, Juwaira ta miƙa hannu ta ja babban bayan kalanda da ke ƙasan tarin. Ta sauka daga benci, ta shimfiɗa shi a ƙasa, ta duƙa. Har aka kusa tashi ba ta ɗago ba. Da Haulatu ta leƙa sai ta ga shanu sun cika takardar, kuma ba irin shanun da yara ke yi ba, masu ƙafa huɗu da ƙaho biyu a wuce wurin. Kowace da kamanninta. Wata ƙahonta guda ya karkace, wata tozonta ya kwanta gefe, wata da fari a goshi. Ƙarƙashin kowace akwai suna da Fulatanci. A can ƙasa kuma ta rubuta da Hausa: "Shanunmu ne. Baffa ya tafi ya dawo da su." Baffa shi ne abin da take kiran mahaifinta.

"Wa za ya karanta mani waɗannan?" in ji Haulatu, tana yi kamar da ajin take.

Juwaira ta ɗora yatsa a kan mai farin goshi. "Wule," ta ce. Ta matsa. "Saye. Ɓale."

Da farko a hankali take faɗa, sannan muryar ta buɗe, ta riƙa jan sunayen kamar tana kiran su daga bakin daji. Da ta gama, sai ta shiga bayani da Hausa tiryan-tiryan, wadda ke harbi in ana tatsa, da wadda ke satar shiga gonar mutane. Haulatu ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji irinsa ba, har ƙwalla ta taru mata.

Cikin wannan murnar aka tashi, yara suka watse, ta zauna da tarin takardu kamar kullum. Abin takaicin shi ne ko tunani ba ta yi ba. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana aiki guda ba ya jiran umarni. Ta bi wuyan shanun ɗaya bayan ɗaya da jan biro, har tana kula kada ta taɓa sunayen, sannan ta rataye takardar a tsakiyar igiya inda kowa zai fara gani. Da ta koma gida ta cika wa Bishir kunne da labarin yarinyar da ta yi magana.

Washegari Juwaira ta shigo da sauri, ta nufi igiyar. Ta tsaya a gaban takardar ta daɗe. Ba ta yi kuka ba, ba ta taɓa ta ba. Ta koma ƙarshen benci ta zauna, da aka fita tara ba ta dawo ba.

Haulatu ta ɗauka zazzaɓi ne, don lokacinsa ne. Mako ya juyo babu Juwaira. Sai ta kira Tani, wata 'yar ajin da ke ruga ɗaya da su, ta tambaye ta. Tani ta yi ta murza gefen hijabi.

"Ta ce ba ta ƙara zuwa, Malama. Kakarta ma ta ce ta zauna, karatun ya isa haka nan."

"Don mi?"

"Ta ce kin yanke masu shanu."

Faɗa ne ya fara zo mata baki. Ita ta yanka? Ita da ta rataye zanen a wuri mafi kyau? Ta juya za ta nuna wa Tani takardar, sai idonta ya sauka a kan layukan. Shekara da shekaru tana jan layin nan, ba ta taɓa kallon sa da idon wani ba sai yau. Garke guda ne a tsaye, kowace saniya da ja a maƙogwaro. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta lokaci guda, ta zauna a kan bencin yara.

Ta gwada kankare layin da reza a wuyan wata ta gefe, takardar ta nemi hujewa, ta bari. Ranar Juma'a da yamma ta hau mota zuwa Kankiya. Malam Yakubu ya tsufa, ido ya yi rauni, ya daina zane, amma yana nan a zaure da hankalinsa. Ta kwashe labarin ta gaya masa, a ranta tana so ya ce ba ta yi laifi ba.

Ya ce, "Abin da na koya maki, haka na ji shi wurin malamaina, kuma ban janye ba. Amma ni kazar da na ja ma layi ba ta kowa ba ce, Haulatu. Ba wanda ke jiran ta dawo gida."

"To, Baba, mi zan yi?"

"Wannan kuma ni hula na sani."

Ta fito ba tare da amsa ba. Abin da ta tabbatar kawai shi ne, in ta bari aka ƙara mako, yarinyar ta tafi ke nan, kuma ita ta kore ta.

Asabar da hantsi ta naɗe takardar, ta hau ɗan acaɓa zuwa Bauranya, daga nan ta bi ƙafa ta cikin gonakin da aka yanke. Ta sha zuwa ruga, ta san tun daga nesa ake jin warin kashin shanu da kukan maruƙa. Ɓangaren su Juwaira kuwa shiru. Bukkoki ne sababbi, da 'yan awaki, sai wani fili da aka share tas aka kakkafa turaku a jere, ba komai a jikinsu.

Kulu ta tarbe ta, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a ƙwarya tana kau da kai.

"Ki yi haƙuri, Malama. Baƙo ya zo gidan Fulani a ba shi ruwa tsura."

"Haba Inna, ni ce mai ba da haƙuri yau." Ta nuna filin. "Waɗancan fa?"

"Ubanta ya kafa su kafin shi tafi, wai in an samo su a iske wurin ɗauri. Kasuwar kara ba wadda bai taka ba. Shi dawo shi kwana biyu, shi sake fita."

Haulatu ta warware takardar, ta yi bayanin layin, da uban da ya zo ƙara, da abin da mahaifinta ya koya mata. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe.

"Mu ma Musulmi ne, Malama, mun ji ana faɗin hukuncin zane. Na san ba da mugunta kika yi ba. Amma ɗiyar nan da hannunta take ba su dussa. Mun ce mata suna nan da ransu, dukkansu, da wannan take barci. Ta je makaranta ta iske malamarta, wadda ta san komi, ta sa masu wuƙa. Mi kike so ta ɗauka?"

Haulatu ta hango gefen zanin Juwaira a bayan bukka, ta san ana sauraren su. Ba ta taɓa ba yaro haƙuri ba tunda ta fara aiki, sai ta ji abin ya yi mata nauyi a baki, amma ta ɗaga murya yadda za a ji.

"Juwaira, na yi maki ɓarna. Ban san komi ba game da shanunku, ban ji labarin an taɓa ko guda ba. Hannuna ne ya yi, kuma na gwada gogewa ya ƙi." Ta zare biron daga ɗankwali ta ajiye a kan takardar. "Ga abin da ya yi ɓarnar nan. Ki yi yadda kika so da shi, ko rijiya ki jefa."

An ɗauki lokaci kafin yarinyar ta fito. Ba ta gaida kowa ba, kakarta ma ba ta tsawata mata ba. Ta durƙusa a bakin tabarma, ta ɗauki biron ta jujjuya shi. Sai ta ɗora bakinsa daidai inda layin wuyan Saye ya ƙare, ta zagayo da shi ta yi ƙulli, ta ja shi ƙasa, ta zana ɗan turke a ƙarshensa. Ta koma kan Ɓale ta yi haka. Haulatu na kallo, layukanta na komawa igiya ɗaya bayan ɗaya, har garken ya tsaya a ɗaure. Kulu ta matso tana kiran sunan kowace a hankali in an zo kanta.

Juwaira ta ajiye biron. Saura guda, mai farin goshi, a tsakiyar takardar.

"Kin tsallake Wule," in ji kakar.

"A bar ta haka nan."

"Don mi? Ita ce taki fa."

"Baffa ya ga fatarta an shanya a bayan mahauta. Ya gane tabon cinyarta." Ta faɗa ba tare da ta ɗago ba. "Na ji shina gaya maki, Inna, ran da ya dawo."

Tsohuwar ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ashe tun kafin ta zana garken Juwaira ta sani, ta kuma sa Wule a tsakiya, a tsaye, da ranta. Haulatu ta ji abin ya soke ta fiye da duk abin da aka faɗa mata a makon nan, don a wurin nan ɗaya ne saniyar ta rage da rai, kuma nan ta bi ta da biro.

Yarinyar ta gyara gefen takardar da ya naɗe, ta dubi Haulatu ido cikin ido karo na farko.

"Ban zana maruƙan ba. Wuri ya ƙare."

"Akwai takarda a aji, babba."

"Su ma za ki yanka?"

Haulatu ta san abin da amsar za ta jawo. Wani uban zai sake zuwa, hedimasta zai sake cewa a huta, ga kuma tsoron da ta taso da shi tun tana gefen tabarmar mahaifinta, wanda bai bar ta ba har yanzu.

"A'a," ta ce. "In da laifi, a kaina."

Juwaira ta naɗe takardar da kanta, ta rungume ta a ƙirji.

"To ki bar wagga nan. Ni zan taho da ita ran Litinin."